Iboga: Saiwar Gabon Da Ake Cewa Tana Raba Mutum Da Shaye-shaye

A watan Yunin shekarar 2025 ne gwamnan jihar Teksas ta ƙasar Amurka, Mista Greg Abbott, ya rattaba hannu a kan wata doka wadda ta ware zunzurutun kuɗi har dala miliyan 50 domin gudanar da bincike a kan wani sinadari mai suna ibogen, wanda ake fatan zai taimaka wajen raba mutane da miyagun ƙwayoyi. Abin ya faru ne a can nesa, amma tushensa yana nan kusa da mu, domin kuwa daga saiwar wata 'yar ƙaramar bishiya da ke tsirowa a kurmin Gabon da kudancin Kamaru aka fara samo wannan sinadari. Duk ɗan kasuwar da ke sauke albasa a Abang-Minko'o ko Kye-Ossi, ko yake ƙetarawa zuwa Bitam da Oyem, mai yiwuwa ya taɓa ganin ɓawonta a shimfiɗe gaban masu sayar da magungunan gargajiya, ba tare da ya san ita ce Turawa ke ta cece-kuce a kanta ba. Sunanta iboga.

Ganin yadda labari ke yawo a waya a wannan zamani, maganar ta iso rumfunan kasuwa, kuma ta samu kunnuwan saurare iri biyu. Akwai uban da ɗansa ya addabe shi da shan wiwi, an yi rubutu an yi hayaƙi abin ya faskara, ya ji an ce akwai wata saiwa da ake sha sau ɗaya tak mutum ya rabu da jarabar. Akwai kuma ɗan kasuwar da ya hango riba, yana tunanin ya cusa ƙulli ɗaya ko biyu a cikin kaya in zai koma arewa. Ba za a ga laifin na farkon ba, domin matsalar ta kai a nemi magani ko'ina. Binciken da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta gudanar tare da gwamnatin Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da kayan maye a ƙasar, daga cikinsu miliyan 10.6 wiwi suke sha, yayin da miliyan 4.6 ke shan ƙwayoyi dangin tramol. A Marwa da Garwa da Kusiri ma ba sai an yi wa kowa ƙidaya ba, tashar mota ta ishe shi shaida.

To amma kafin wani ya ɗura wa ɗansa abin da bai sani ba, ya kamata a san mece ce ita wannan saiwa, wane irin shaye-shaye aka gwada ta a kai, kuma me take yi wa zuciya.

Mafarkin ido biyu

Ita dai iboga ba ta cika wuce tsayin mutum ba a mafi yawan lokaci, tana da 'ya'ya masu ruwan lemo, kuma masana tsirrai sun sanya ta cikin dangi ɗaya da tumfafiya. Ƙarfinta yana cikin ɓawon saiwar, wanda ake kankarewa a shanya a daka, mai ɗan karen ɗaci. Mafarautan kurmi sun daɗe suna tauna ɗan kaɗan domin kore barci da gajiya. Amma babban matsayinta yana cikin addinin gargajiya da ake kira Bwiti, wanda ƙabilun Mitsogo da Fang da wasunsu ke bi. A wurinsu, wanda za a shigar cikin addinin akan ba shi mai yawa, a kwana ana kiɗa a kansa, dattawa na zaune suna lura da shi, su kuma a imaninsu yana tafiya ne ya gana da kakanninsa.

Abin da ke faruwa ga wanda ya sha mai yawa, kamar yadda likitocin da suka lura da masu sha suka bayyana, ba ya kama da maye irin na giya ko wiwi. Bayan awa ɗaya zuwa uku sai mutum ya fara jin ƙara a kunne, jiri ya ɗebe shi, ƙafafu su kasa ɗaukarsa, sau da yawa kuma ya yi ta sheƙa amai. Daga nan sai gane-gane su fara, musamman in ya rufe ido. Da yawa sukan ce sun ga rayuwarsu tana wucewa kamar majigi, tun daga ƙuruciya, da mutanen da suka ɓata wa, da waɗanda suka rasu. Wannan kan ɗauki awa huɗu zuwa takwas, sannan a shiga wani dogon lokaci na tunani, barci kuwa kan ƙaurace wa mutum har kwana biyu ko uku. Ba wanda ke shan iboga don nishaɗi ya so ya maimaita washegari. Wasu ma ba su ganin komai, wahalar kawai suke sha.

Turawan Faransa ne suka fara tace sinadarin daga saiwar a shekarar 1901. Daga 1939 har cikin shekarun 1960 an riƙa sayar da shi a kantunan magani na Faransa a matsayin ƙwayar ƙarin kuzari, mai ɗauke da ɗan kaɗan, da sunan Lambarène, wato sunan wani gari na Gabon. Batun maganin shaye-shaye kuwa ya samo asali ne a 1962, lokacin da wani saurayi ɗan shekara 19 a birnin Niyok mai suna Howard Lotsof, wanda hodar hirowin ta kama, ya sha ibogen don kawai ya ji yadda take. Da abin ya sake shi bayan fiye da kwana guda, sai ya lura ba ya jin ciwon jiki da zazzaɓin da kan kama ɗan hirowin in bai samu hodar ba, kuma ba ya marmarinta. Ya ba abokansa, cikin bakwai masu shan hirowin biyar suka daina na wani lokaci. Lotsof ya ƙarar da sauran rayuwarsa, har rasuwarsa a 2010, yana fafutukar ganin an amince da maganin.

Mai karatu ya lura da kyau, hirowin aka ce. Kusan duk abin da aka tattara game da ibogen daga wancan lokaci zuwa yau a kan hirowin ne da danginta. Waɗannan su ne ƙwayoyin da in an yanke su jiki ke tayar da bore, da gudawa da gumi da ciwon gaɓoɓi, kuma a nan ne aka ga ibogen na kwantar da boren. Ko a nan ɗin ma, da dama daga cikin waɗanda suka sha sukan koma ruwa bayan 'yan watanni in ba su samu mai bibiyarsu ba.

Inda gizo ke saƙar

Gwamnatin Amurka ta sanya ibogen cikin jerin haramtattun ƙwayoyi a 1970. A 1993 an ba wata malamar jami'ar Miyami, Deborah Mash, izinin gwada shi a kan mutane, amma aikin ya tsaya saboda rashin kuɗi, kuma a shekarar ne wata budurwa ta mutu a ƙasar Holan bayan an ba ta maganin. Faransa ta haramta iboga a 2007, bayan mutuwar wani matashi a wurin masu ba da ita a 2006. Saboda haka ne masu neman maganin suka riƙa tururuwa zuwa asibitocin kuɗi a ƙasashe irin su Meksiko.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne zuciya. Ita zuciya da wata 'yar wutar lantarki take aiki, bayan kowane bugu tana buƙatar ɗan lokaci ta sake shiri kafin bugu na gaba. Ibogen na tsawaita wannan lokaci, tare da rage saurin bugun. In ya yi tsawo fiye da kima sai bugun ya rikice, zuciya ta riƙa karkarwa maimakon tura jini, mutum ya faɗi nan take. Ba a ganin wannan da ido, ba a kuma jin sa da hannu, sai da na'urar awon zuciya. Kuma haɗarin ba ya ƙarewa da ƙarewar gane-ganen, domin hanta na juya sinadarin zuwa wani daban da ke daɗewa a jini na kwanaki.

A shekarar 2012 wani likita a Niyok, Kenneth Alper, da abokan aikinsa sun bi diddigin mutum 19 da suka mutu tsakanin 1990 da 2008 bayan shan ibogen. Wasu sun cika cikin awa ɗaya da rabi, wasu sai bayan kwana uku. A mafi yawan gawarwakin da aka bincika sosai an tarar ko dai mutum na da wata cuta tun da farko, galibi ta zuciya, ko kuma akwai wata ƙwayar a jininsa. Haka zalika a wani gwaji da likitocin Holan suka yi a asibiti da mutum 14, waɗanda aka tantance lafiyarsu kafin a fara, rabinsu awon zuciyarsu ya haura iyakar da likitoci ke ɗauka a matsayin haɗari, kuma dukkansu sun kasa tafiya da ƙafafunsu na wani lokaci. An yi sa'a ba wanda ya mutu, amma fa suna kwance ne da na'urori a ƙirji.

Masu tallar iboga sun fi son ambaton binciken jami'ar Stanford da aka wallafa a watan Janairun 2024, inda tsofaffin sojojin Amurka 30 da suka samu rauni a ƙwaƙwalwa suka sha ibogen a Meksiko, suka kuma samu sauƙin firgici da baƙin ciki. Gaskiya ne. Sai dai ba su cika faɗin cewa an haɗa musu da ƙarin ruwa mai sinadarin kare zuciya ba, ana kuma auna su dare da rana, sannan ba a kan daina shaye-shaye aka tsara binciken ba.

Yanzu a ɗauki yaron da muka sani a kasuwa. Ɗan acaɓa ne ko ɗan dako, da safe ya haɗiyi tramol mai lamba 225 don ya iya aiki, da dare ya busa wiwi don ya samu barci, wataƙila da kwalbar kodin in ta samu. Bai taɓa awon zuciya ba tunda aka haife shi. In an tambaye shi me yake sha a gaban mahaifinsa, wiwi kawai zai amsa, shi ma da ƙyar. Tramol da kodin hanya ɗaya suke bi a cikin hanta tare da ibogen, ga shi tramol ita kaɗai kan jawo farfaɗiya, ibogen kuma na ƙara wa irin waɗannan ƙwayoyi ƙarfi. A ganina, ba wa irin wannan yaro garin iboga a ɗaki, a garin da asibiti mai na'urar farfaɗo da zuciya ke da nisan tafiyar yini, caca ce da ransa.

Ina labarin wiwi?

Ita wiwi jarabarta daban ce. An kiyasta cewa kimanin mutum ɗaya cikin goma da suka fara sha kan kamu har su kasa bari, in kuwa tun da ƙuruciya aka fara, ɗaya cikin shida. Har yanzu babu wata ƙwaya da hukumomin magunguna suka amince da ita musamman domin raba mutum da wiwi, kuma babu wani babban gwaji na asibiti da ya nuna iboga na yin wannan aiki. Abin da ake da shi ɗan kaɗan ne. A 2020 masu bincike na jami'ar Johns Hopkins sun wallafa amsoshin mutum 444 da suka ce sun rage ko sun daina wiwi da wasu ƙwayoyi bayan sun sha magungunan gane-gane. Amma ta intanet aka yi tambayar, kuma waɗanda abin ya yi wa amfani ne aka nema su amsa. Tamkar ka tsaya a bakin rumfa ka tambayi waɗanda suka dawo sayen kaya ko kayan na da kyau. Wanda ya saya ya yi asara ba ya cikin layin.

Inda aka ga alamun nasara na gaske shi ne a kan taba sigari da giya, kuma da wani sinadarin ne daban, wanda ake samu cikin wani nau'in laimar kwaɗi. A 2014, a Johns Hopkins, mashaya sigari 15 aka gwada, bayan wata shida 12 ba su koma ba. A 2022 jami'ar Niyok ta gwada da mashaya giya 93, waɗanda suka samu maganin kwanakin da suke shan giya fiye da kima suka zamo kashi 9.7 cikin ɗari, sauran kuwa kashi 23.6. To amma a duka biyun an shafe makonni ana zama da kowane mutum ana tattaunawa da shi kafin sha da bayan sha. Masu binciken kansu sun ɗauki gane-ganen a matsayin ƙofa da ke buɗewa na ɗan lokaci, mutum ya kalli rayuwarsa da wani ido, aikin gyaran kuma sai a zaman da ke biyo baya.

Wani abin da ya fi shafar mu shi ne, a irin waɗannan gwaje-gwaje ba a karɓar duk wanda ya taɓa samun taɓin hankali, ko wanda ake da shi a danginsa na kusa, domin magungunan gane-gane na iya tayar da ciwon. Ita kuwa wiwi an san alaƙarta da wannan ciwo. Wani bincike da aka yi a wurare 11 a Turai da Barazil, aka wallafa a 2019, ya gano cewa mai shan wiwi kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba sau uku wajen yiwuwar kamuwa da taɓin hankali, in kuwa mai ƙarfin ce yake sha, kusan sau biyar. Ke nan yaron da ya fara magana shi kaɗai, yana zargin ana binsa, wanda shi ne iyaye suka fi gaggawar nema wa magani, shi ne na farko da likitocin za su hana wa.

A nan ya kamata a ja kunne game da zaƙami, domin wani zai ce in dai gane-gane ne magani, ai muna da namu a bayan gari. Ba banza ba Hausawa suka raɗa masa haukata yaro. Zaƙami ba dangin waɗancan ba ne, guba ce mai busar da maƙogwaro, ta buɗe ƙwayar ido, jiki ya ɗau zafi, fitsari ya tsaya, zuciya ta yi ta dukan uku-uku. Mai shansa ba ya bambance abin da yake gani da gaskiya, yana iya faɗawa rijiya ko wuta, in ya farfaɗo kuma ba ya tuna komai. Ba a maganin shaye-shaye da shi. Batun hukuncin shan abin da ke gusar da hankali da sunan magani kuwa, wannan fagen malamai ne, kuma suna nan a kowace unguwa.

Ga mai son ya yi fataucinta

Gwamnatin Gabon ta ayyana iboga a matsayin dukiyar gado ta ƙasa tun shekarar 2000, a zamanin marigayi Shugaba Omar Bongo. A watan Fabrairun 2019 kuma ta dakatar da fitar da ita waje ba tare da izinin hukuma ba, saboda yadda masu sata ke tumɓuke ta daga daji. Sai an tono saiwa ake samun ɓawon, bishiyar kuma na ɗaukar shekaru kafin ta yi ƙwari, ga masu saye daga Turai da Amurka sun sa farashi ya tashi har mabiya Bwiti na kukan ta yi musu tsada. Don haka wanda jami'an duwan ko jandarmomi suka samu da ita a bakin iyaka ya jefa kansa da jarinsa cikin rigima, ya kuma jawo wa 'yan uwansa masu albasa da wake ƙarin bincike a kan hanya.

Tsada kuma ita ke haifar da jabu. In an riga an daka, ba mai iya bambance garin iboga da na wata saiwar da ido. A 2016 likitoci a Faransa sun ba da rahoton mutuwar wata mata da ta sha garin da aka sayar mata a matsayin iboga, da aka auna sai aka tarar na wata bishiya ce daban. Ko ta gaskiyar ma ƙarfinta ya bambanta daga bishiya zuwa bishiya, cokali ɗaya na wannan ba daidai yake da cokali ɗaya na waccan ba.

Abin da ya rage wa iyaye

Labari mai daɗi game da wiwi shi ne barinta ba ya kisa. Wanda ya saba sha kullum in ya daina, daga kwana ɗaya zuwa biyu zai fara fushi da rashin natsuwa, abinci ya fita ransa, barci ya gagara, ga munanan mafarkai. Abin ya fi tsanani a makon farko, yawanci ya lafa cikin mako biyu zuwa uku, sai dai barcin kan ɗauki wata guda ko fiye kafin ya daidaita. Iyaye da yawa a wannan makon farko ne suke zaton yaro ya haukace, su kai shi inda za a sa masa mari. Mun dai ga abin da 'yan sanda suka tarar a watan Satumbar 2019 a wani gida da ke Rigasa a Kaduna, inda aka fito da ɗaruruwan mutane, wasunsu da sarƙa a ƙafa.

Abin da bincike ya nuna yana taimakawa shi ne zama a kai a kai da ma'aikacin lafiya da ya koyi aikin, wanda zai bi da yaron ya gano lokutan da yake sha da abokan da ke jansa, tare da yi masa ihsani a duk lokacin da aka auna aka ga bai sha ba. Maigida a kasuwa na iya yin rabin wannan aiki, ta hanyar sauya wa yaro wurin kwana, da ba shi aikin da zai cike masa yamma, da riƙe masa wani kaso na kuɗinsa zuwa ƙarshen wata. In kuwa ya fara jin muryoyi ko zargin mutane, to asibiti ya kamata a nufa ba da ɓata lokaci ba. Akwai asibitin Jamot a Yawunde, da sashen masu taɓin hankali na asibitin Laquintinie a Duwala, da asibitin Melen kusa da Libreville. Ga na arewa kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayyar Nijeriya a Maiduguri da Kaduna da Kware ta Sakkwato, da na Dawanau a Kano.

Tramol ce ke buƙatar ƙarin kula. Wanda ya daɗe yana shan mai yawa bai kamata ya yanke ta rana ɗaya ba, likita ne zai riƙa rage masa sannu a hankali cikin makonni. Kuma duk wanda ya daina na ɗan lokaci, ko ta wace hanya ce, jikinsa ya riga ya manta da yawan da ya saba ɗauka. In ya koma ya haɗiyi adadin da yake sha a da, wannan adadin na iya tsayar masa da numfashi, don haka a sanar da shi wannan tun ranar da aka sallamo shi.